Kasuwar Sallah Ta Cikin Gida: Daga Zamanin Mazari Zuwa Zamanin Waya

 Ina taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Waɗanda aka faro tafiyar da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa abin da suka dasa ya zame musu sadaka mai gudana.

An ce in rubuta wani abu na tarihi. To ni 'yar kasuwa ce, karatun ma da girmana na yi shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka tarihin da zan iya shi ne na saye da sayarwa. Na zaɓi maganar Sallah saboda duk mai sana'a a cikin gida ta san cewa daga shigowar azumi zuwa bayan layya nan ne kakar mu. Abin da mace ta samu a waɗannan watanni uku da 'yan kwanaki, sau da yawa shi ke riƙe ta har shekara ta zagayo. In kuma ta faɗi a nan, to sai ta daɗe tana rarrafe.

Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, yau fiye da shekara 500 ke nan. Amma matar aure ta cikin birni ba ta zaman rumfa a can. Waɗanda ake gani a kasuwa tsofaffi ne, da zawarawa, da Fulani masu nono. Sauran mata suna cikin kulle, kuma daga nan wasu suka ɗauka cewa ba su da hannu a harkar kuɗi. Malamarmu ta taɓa ba mu labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960. Da ta duba da kyau sai ta ga ashe garin cike yake da ciniki, gida-gida, mata na sayar da hatsi, da mai, da abinci, ba tare da sun leƙa ƙofar gida ba. Ta yi rubutu a kai a 1969, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu da muka ji dariya muka yi. A wurinta ne yake ɓoyayye. Kowane yaro a unguwa ya san gidan mai ƙuli, da gidan mai koko, da gidan da ake dakau.

Babbar sana'ar kakanninmu kaɗi ce. Mace ta sami audugarta, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazari da alli tana kaɗa zare ko abawa, masaƙa su saya. Akwai littafin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. A ciki akwai maganar kaɗi, da ƙawance, da biki, yadda matan da suka ga zuwan Turawa da idonsu suke yi. Abin lura a sana'ar kaɗi shi ne ba a yin ta da gaggawa. Zaren da za a saƙa, a rina, a buga, a ɗinka rigar Sallah, dole ya bar hannun mace watanni kafin ganin wata. Don haka shiri tun da wuri ba wani ne ya zo ya koya mana a taron bita ba. Sana'ar ce da kanta ta tilasta shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe. Maza suka yi ta kai buhuna har aka yi dala, mata kuma suka riƙe tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai. Wuri ya ɓace, kwabo da sule suka zo. Daga baya atamfar kanti da yadin masaƙun zamani, irin wadda aka buɗe a Kaduna a 1957, suka kashe kasuwar zaren hannu sannu a hankali. Injin niƙa ya zo ya karɓe niƙa da dakau daga hannun mata, kuma yawancin injinan na maza ne. Sau biyu ke nan ana ƙwace wa mace sana'a tana zaune a ɗakinta. Amma ba su zauna sun yi tagumi ba. Suka koma abincin sayarwa, da ɗinkin hula, da keken ɗinki, da taliyar murji, da kiwo.

Yanzu tambayar ita ce, matar da ba ta fita, yaya take sanin farashi, take samun kaya, take samun mai saye, har ta shirya wa Sallah?

Na farko akwai dillaliya. 'Yan matan yanzu da ke ɗora hoton kaya a WhatsApp su sani cewa aikin da wayarsu ke yi, tsohuwa ce da ƙunshi a ka take yin sa. Tana shiga gida goma, ashirin a rana. Ta san wadda ke son sayar da kwallarta ko 'yan kunnenta don ta ƙara jari, ta san wadda ke neman turmin atamfa amma ba ta so kishiya ta ji nawa ta saya, ta san gidan da za a kai toshin Sallah. La'adarta kaɗan ce, amma bakinta shi ne jarinta. Dillaliyar da ta fitar da sirrin gida ɗaya, gida goma sun rufe mata ƙofa. Kuma ita ce ke kawo labarin kasuwa: sukari ya tashi, tsamiya ta yi wuya bana, wance ta fara yin irin alkakinki kuma nata ya fi girma. Mai hankali tana ba dillaliya ruwa da goro ko da ba ta sayi komai ba.

Sai sautu. Wanda zai shiga kasuwa, miji ne ko ƙani ko almajirin gida, mata biyar su ba shi kuɗi. Da tafiya ta yi tafiya sai mata suka gane in kowa ta ba da sautun kwano biyu-biyu, farashin kwano za a sayar musu, amma in aka haɗa kuɗin aka sari buhu aka raba a tsakar gida da tiya, kowa ta sami rara. Wannan sarin haɗaka da ƙungiyarmu ke yi yau daga Dawanau ko Singa, tushensa ke nan. Gwamnatin Turawa ta yi dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935, amma iyayenmu ba su jira doka ba, kuma da yawansu har suka rasu ba su ji labarinta ba.

Biki kuma shi ne bankin ƙawaye. Kin kai wa ƙawarki gudummawa ranar sunanta, ranar naki ta dawo miki da ninki, haka za a yi ta hawa har a ga ya yi nauyi a sauko a sake farawa. Ba maganar Sallah ba ce kai tsaye, amma ta nan ake gane wadda ke cika alkawari, kuma wadda ta cika a biki ita ake sa wa hannu a adashi.

Adashi shi ne nake so in daɗe a kansa, don a nan hikimar take. Kowa ta san zubi da kwasa. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne jerin kwasar. Uwar adashi ta gari a da ba ƙuri'a kawai take yi ba, tana duba sana'ar kowa. Mai kiwon ragon layya ita ke buƙatar kuɗi tun da nisa, saboda rago yana son wata uku zuwa shida yana cin dusa da harawa kafin ya yi ƙiba. In ta kwasa bayan ƙaramar Sallah ta makara, tunda tsakanin Sallolin biyu kwana saba'in ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma a lokacin farashin dabba ya riga ya fara hawa. Mai sayar da atamfa da mai ɗinki su kwasa a Rajab, watan azumin tsofaffi, su yi sari kafin Kantin Kwari ya cika. Mai ƙosai da kunu ta kwasa a Sha'aban ta sayi wake da gero da tsamiya. Mai cincin da dubulan ta kwasa a farkon azumi. Mai kitso da mai ƙunshi kuwa jarinsu a hannunsu yake, ba sa buƙatar kuɗi mai yawa, sai su yarda su zama na ƙarshe, su kwasa bayan Sallah lokacin da kowa ke kuka da aljihu. Kun ga kuɗi ɗaya ya yi aiki sau biyar. Ni a ganina ranar da muka fara rabon kwasa da ƙuri'a zalla don gudun ɓacin rai, mun yi adalci amma mun zubar da rabin amfanin abin.

Azumin kansa Bahaushe ya raba shi uku: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Sallah. Ciniki ma haka yake tafiya. A goman farko kowane gida ana ɗoki, ana soye-soye, mai kayan shan ruwa tana ciniki, amma gidaje da yawa da kansu suke yi. A ta tsakiya, lokacin da yara suka fara tashe, matan gida sun gaji, kuɗin cefane ya ja baya, a nan ne ake aiko yaro da kwano a sayi ƙosai da kunun tsamiya maimakon a hura wuta. A ta ƙarshe hankali ya bar ciki ya koma jiki: ɗinki, takalmi, mayafi, lalle, kitso, turaren wuta. Tela mai mutunci tana rufe karɓar ɗinki tun tsakiyar azumi. Wadda ta ci gaba da karɓa har daren Sallah saboda kwaɗayi, kowa ya san yadda ake ƙarewa, ana sallar idi ana zage-zage a ƙofar gida, kuma baɗi ba mai kawo mata. Ga zakkar fidda kai, mai hatsi ta tanadi na awo. Bayan idi kuma ga hawan Sallah, hawan Daushe, hawan Nassarawa, yara da kuɗin barka da Sallah a hannu, mai alawa da zoɓo da 'yan kayan wasa ta sami nata.

Dole in taɓo maganar talla, ko da wasu iyayenmu ba za su ji daɗi ba. Duk wannan kasuwa ta cikin gida a kan ƙafar yara mata ta tsaya. Yarinya ce ke ɗaukar faranti, ita ke karɓo bashi, ita ke kai saƙo tsakanin gidaje. Da kuɗin tallarta ake tara mata kayan ɗaki, langa da samira da gado, don haka uwar tana ganin ai don ita ake yi. Ban ce iyayenmu mugunta suka yi ba, abin da ke gabansu ke nan. Amma an biya farashi. Gwamnati ta fara ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka cika azuzuwa, amma da azumi ya kama sai benci ya zama wayam a ɓangaren mata. Da yawanmu da muka zauna a ajin manya muna koyon a, ba, ca da furfura ta fara fitowa, 'yan talla ne na jiya. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta ɗinke wani abu daga ɓarakar, Allah ya saka. Sai dai karatun da aka yi da girma, ana goyo ana tunanin tukunya, bai kai wanda aka yi da ƙuruciya ba. Duk shirin Sallar da za mu yi yau, in ya dogara da cire yarinya daga makaranta wata guda, ko tura ta bakin titi bayan magariba, to a sake lissafi.

Mu koma kan tarihi. Naira ta maye gurbin fam da sule a farkon 1973, shekarar da fari ya yi tsanani a Arewa. Sai kuɗin Udoji ya zo wa ma'aikata, ga kuɗin fetur, kasuwa ta buɗe. Iyayenmu suna cewa a lokacin ne Sallah ta tashi daga ɗinki ɗaya ta koma biyu, uku, kuma firji ya fara shiga gidajen masu hali, aka sami sabuwar sana'ar ƙanƙara. Daɗin bai daɗe ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin maigida ya daina kai wa ƙarshen wata, masana'antu suka fara rage ma'aikata. A gidaje da yawa tukunyar ƙosan uwargida ce ta yi wa yara kayan Sallah, maigida ya fita da su idi ana yi masa barka, ita kuma ta rufa asiri ba ta ce komai ba. A 1987 Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara, daga nan kalmar ƙungiyar mata da rajista da shugaba da ma'aji ta shiga bakin kowa. Wasu ƙungiyoyin na wancan lokaci don karɓar tallafi kawai aka kafa su, da gwamnati ta tafi suka bi ta. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda dama akwai adashi da amana a ƙarƙashinsu.

Wayar hannu ta zo a 2001. Ta rage wa 'yar talla tafiya, ta rage wa dillaliya kasuwa, wannan gaskiya ne. Yau yarinya tana ɗakinta a Kano tana sayar da humra ga wadda ke Abuja, a sa a mota, kuɗi ya shigo ta asusu. Ina sha'awar su. Amma waya ta zo da nata: mai turo hoton shaidar biya ta ƙarya, mai yin odar cincin bokiti uku ta kashe waya ranar karɓa. Dillaliya ta san gidan kowa da uwar kowa. Waya lamba kawai ta sani. Shi ya sa kafin alkalami ya zama dole, rabin kuɗi a hannu kafin a kunna wuta.

Shekaru biyu na kusa sun gwada mu. A 2020 an rufe Kano saboda korona a watan Afrilu, azumi ya kama mutane a kulle, kasuwa sai wasu ranaku na 'yan awoyi, Sallah ta zo ba hawa. Wa ya ciyar da unguwa? Matan da suka riga suka sari gero da wake da sukari tun Sha'aban. Kasuwar da Baturiya ta kira ɓoyayya ita ce ta rage a buɗe, ana miƙa kaya ta katanga. Sai 2023, canjin kuɗi. Takardar naira ta ɓace tun watan Fabrairu, azumi ya shigo a ƙarshen Maris mutane na kwana a layin banki. Mai ƙosan naira hamsin-hamsin ba ta da asusu, mai saye ba shi da tsaba. A nan aka ga amfanin sanayya, aka koma rubuta bashi a littafi da musayar kaya kamar zamanin kakanni, wadda ke da asusu ta karɓar wa maƙwabta biyar. Kafin a farfaɗo aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, wata guda kafin babbar Sallah, kuɗin mota ya ninka, masu kiwo suka ga dusa ta fi ƙarfinsu.

Bashi kuwa tsohon ciwo ne. Ana cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, amma a gaskiya sau da yawa mai sana'ar ake bari da shi. 'Yar uwa ta ɗauki atamfa ta ce bayan Sallah, maƙwabciya ta ce in maigida ya karɓi albashi, ke kuma kunya ta hana ki tambaya. Matan da suna da dabara ɗaya da nake so mu dawo da ita: ba sa ba da bashi daga uwar kuɗi, sai daga riba. In an biya, alhamdu lillahi. In ba a biya ba, jari na nan. Kuma a rubuta. Wannan shi ne babban abin da ajin yaƙi da jahilci ya ƙara mana a kan iyayenmu, su da zane a bango da ƙwayar masara suke lissafi.

Akwai abu ɗaya da sai wadda ta daɗe a duniya take gane shi. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kamar kwana 11, don haka azumi yana ja da baya, sai ya yi kusan shekara 33 kafin ya dawo inda ya baro. Azumin 2024 da ya kama a watan Maris, a nan na 1991 da 1992 suka kama. Wannan yana canza komai a sana'a. Azumin damina, irin na 2011 da 2012, rumbu ya yi ƙasa, hatsi na tsada, itace jiƙe, mutane na gona ba kuɗi. Azumin bazara na mai ƙanƙara ne da zoɓo da kunun aya. Azumin hunturu kuwa ba mai neman ruwan sanyi, kunu mai zafi da shayi da rigar sanyi ake nema, hatsi na araha don an gama girbi, tumatir da albasa na rani sun fara shigowa, manomi na da kuɗi a hannu. A shekarar 2000 ƙaramar Sallah da Kirsimeti a mako ɗaya suka faɗo, masu kaji da masu cincin da ke da abokan ciniki a Sabon Gari suka ci kasuwa biyu a tare.

To yanzu azumi ya baro tsakiyar zafi, yana gangarawa cikin sanyi. A 2030 ma sau biyu zai kama a shekarar boko ɗaya, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, kamar yadda ya yi a 1997. 'Yan uwa da ke shirin cin bashin ƙungiya su sayi firji ko injin ƙanƙara saboda cinikin azumin da suka gani a 'yan shekarun nan, su zauna da iyayenmu da suka yi sana'a a ƙarshen shekarun 1990 su tambaye su me aka fi saye a lokacin. Ina kuma roƙon shugabanni, a taronmu na gaba a sa maganar jerin kwasar adashi a ajanda, kowace mamba ta zo da sunan sana'arta da watan da ta fi buƙatar jari a rubuce. Wadda ba ta iya rubutu ba tukuna ta zo da wuri, mu 'yan aji za mu zauna a bakin ƙofa da biro.